Yarana sun ƙi sa kayan kariya, in riƙa cin su tara?

Wani Alhaji mai injin casar shinkafa a Sakkwato ya aiko da tambaya: "Ina da ma'aikata goma sha biyu. Watan jiya bel ɗin inji ya kama hannun wani yaro, na biya kuɗin asibiti, aiki kuma ya tsaya. Na saya musu safar hannu da takunkumi, amma da na juya baya sai su cire. Ina so in riƙa yanke kuɗin duk wanda na kama. Me ka gani?"

Alhaji, Allah ya ba yaron lafiya, ya tsare gaba. Ban goyi bayan tarar nan ba. Abin da za ta koya musu shi ne su riƙa sauraron ƙarar motarka, kuma ranar da wani ya tsallake rijiya da baya, ba wanda zai faɗa maka. Labarin da ka fi buƙata ke nan kuwa. A 1931 wani Ba'amurke ma'aikacin kamfanin inshora, Herbert Heinrich, ya ƙiyasta cewa a bayan kowane mummunan rauni ɗaya akwai ƙananan raunuka 29 da haɗura 300 da ba wanda ya ji ciwo. Masana sun yi ta jayayya a kan alƙaluman, amma na tabbata kafin bel ya kama hannun yaronka ya sha fizgar rigar wani, aka yi dariya aka wuce.

Fara duba yadda kake biyan su. In da buhu kake lissafi, to duk lokacin da shanshera ta cushe inji, kashe shi da sake tayarwa asara ce daga aljihun yaron. Shi ya sa yake cusa hannu inji na gudu. Mutum yana maimaita abin da ya ga ribarsa nan take, ko da ya san akwai haɗari a gaba. Sai ka sanar da su cewa lokacin da aka kashe inji don gyara, kai za ka ɗauki nauyinsa. Takunkumi kuma, ka san zafin Sakkwato a Afrilu da Mayu, yana haura digiri 40. Takunkumin da ya jiƙe da gumi da ƙura ba ya numfasuwa, don haka a tanadi na canji da ruwan sha a kusa. Safar hannu kuwa, a hana ta kusa da bel da duk abin da ke juyawa, domin ita inji ke fara kamawa ya ja hannun. Amfaninta na wajen ɗaukar kaya.

Daga nan ku zauna tare ku zaɓi ɗabi'u uku kawai: kashe inji kafin sa hannu, naɗe hannun riga, sa takunkumi a wurin ƙura. Kowace rana ɗaya daga cikinsu, bi da bi, ya tsaya minti goma yana kallon aiki, ya rubuta sau nawa aka yi daidai, sau nawa aka kuskure, ba tare da suna ba. Wanda ya yi daidai a ce masa sannu da ƙoƙari a gaban kowa, a lokacin. Wanda ya kuskure a ja shi gefe a tambaye shi me ya hana. Ƙarshen mako a duba takardar tare. In za ka yi kyauta, ka yi ta a kan waɗannan ɗabi'un. Kada ka ɗora ta a kan wata guda ba rauni, don sai su fara ɓoye ciwo. Kai ma in za ka shiga wurin inji, cire babbar riga, suna kallonka.

Duk da haka, kada ka ɗora duk laifin a kan halin yara. Bel ɗin da ke a buɗe alhakinka ne. Kira mai walda ya yi masa murfin ƙarfe a makon nan, kuɗinsa ba zai kai abin da ka kashe a asibiti ba. Sannan ka je ofishin NSITF, hukumar gwamnati mai kula da inshorar ma'aikata, ka yi wa ma'aikatanka rajista. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai aiki zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi, ita kuma hukumar ke biyan diyya idan ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki.