Tambaya da Amsa: Ni bahago ne, ina zan samu wuƙar aljihu da zata yi daidai da hannuna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ina yi muku fatan alheri. Ni mai gyaran wutar lantarki ne kuma bahago ne tun ina yaro, aikina baya yiwuwa sai da 'yar wuƙa a aljihu saboda feƙe waya da yanka roba. Na sayi wata mai naɗewa a kasuwa, tana da kyau da kaifi, amma duk sanda zan rufe ta sai na juya ta zuwa hannun dama ko na sa hannu biyu, ranar nan ina saman tsani na yi ƙoƙarin rufewa da hagu ta datse min babban yatsa har sai da aka yi min ɗinki. Wai akwai wuƙar da aka yi domin bahagwai kuwa, ko haƙuri zamu ci gaba da yi kamar yadda muke yi da almakashi? Daga mai karatu a Gusau.

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, sannu da ciwo, Allah ya ƙara sauƙi ya kiyaye gaba. Akwai ta, amma kafin ka fara neman inda ake sayarwa bari mu duba me ya yanke ka, domin ba sakacinka bane, ƙirar wuƙar ce bata yi da kai ba.

Ɗauko ta ka buɗe, ka juya kaifin sama ka leƙa cikin mariƙin. Ina kyautata zaton zaka ga wani siririn ƙarfe da ya karkato daga gefe ɗaya ya tokare gindin wuƙar, shi ne sakatar da ke hana ta rufewa, kuma sai an tura shi gefe sannan take naɗewa. Wannan ƙirar wani maƙerin wuƙa ɗan Amurka mai suna Michael Walker ne ya gyara ta ta zama yadda take yanzu a 1980, kuma da yawa daga cikin wuƙaƙen da ake shigo da su daga Chana ita suke kwaikwaya saboda tana da arahar ƙerawa. To in ka riƙe da dama, babban yatsanka yana tura ƙarfen ne zuwa inda yatsan yake son tafiya da kansa, har ma an ɗan rage gefen mariƙin don yatsan ya samu wurin shiga. In ka riƙe da hagu kuwa sai dai ka lanƙwasa yatsan ka jawo ƙarfen baya, babu wurin shiga, ga shi yatsan na zaune daidai kan hanyar da kaifin zai bi ya sauko. Kaga kenan abinda ya same ka a saman tsani ba abin mamaki bane, kuma duk bahagon da ke riƙe irin wannan wuƙar yana cikin wannan haɗarin.

Bayan sakata akwai wasu wurare biyu da ake mantawa da bahago. Ɗan ƙullutun da ake turawa da yatsa a buɗe, wasu a gefe ɗaya kawai suke sa shi. Sai kuma maƙalin aljihu, wanda in ba'a huda masa ramukan sukuru a ɗaya gefen ba, in ka maƙala a aljihun hagu bakin wuƙar ba zai jingina da ɗinkin aljihu ba, tana iya ɗan buɗewa ka zura hannu ka gamu da tsini.

Dalilin ƙarancinsu kuwa lissafin kasuwa ne. Bahagwai kusan mutum 1 ne cikin 10 a duniya, kuma kamfani in zai yi ta hagu dole ya juya duk ƙirar kamar a madubi, ya sake saita injina, ya yi 'yan kaɗan, shi yasa ko waɗanda ke yi ɗin ma zaka tarar ta ƙare a shago an daɗe ba'a sake kawowa ba. Kamfanin Chris Reeve da ke jihar Idaho a Amurka yana yin wata wuƙa mai suna Sebenza ta hagu zalla, shi wanda ya kafa kamfanin haifaffen Afirka ta Kudu ne kuma sunan wuƙar ma daga yaren Zulu ya samo shi, ma'anarsa aiki, amma fa kuɗinta ya haura dala 400, gaskiya ni ba zan ce mai feƙe waya ya zuba wannan kuɗin a wuƙa ba. Spyderco na jihar Kolorado su ma sun fitar da Para Military 2 ta hagu, ita ma ta wuce dala 150.

Shawarata, ka daina neman wadda aka rubuta ta bahago a jikin kwali, ka nemi wadda sakatarta bata da dama bata da hagu. Suna nan da yawa kuma sun fi araha.

Ta farko ita ce mai sakata a gadon baya, wadda ake danna wani wuri a bayan mariƙin sai ta saki. Tunda a tsakiya yake, duk hannun da ka danna da shi ɗaya ne. Buck 110 da ta fito a 1964 irin wannan ce, haka Delica da Endura na Spyderco da suka fito a 1990, su kuma maimakon ƙullutu rami ne zagayayye a jikin wuƙar, yatsan hagu da na dama duk suna shiga, kuma na yanzu ana iya kwance maƙalin a ɗaura shi ta fuska 4. In da ni ne kai Delica zan nema, ƙarama ce bata da nauyi, ta isa aikin waya.

Sai mai sandar ƙarfe da ta ratsa mariƙin ta leƙo ta gefe biyu, ana jan ta baya da babban yatsa da manuni sai wuƙar ta saki. Kamfanin Benchmade ne suka fara fito da ita da sunan AXIS a ƙarshen shekarun 1990, yanzu da wa'adin mallakar fasahar ya ƙare kamfanoni da yawa har da na Chana suna yin irinta da sauƙin kuɗi. Abinda yasa nake sonta ga mai aiki a saman tsani, yatsunka basa shiga hanyar kaifi kwata-kwata lokacin rufewa, kuma hannu ɗaya ya isa.

In kuma aljihun bai kai nan ba, ga Opinel ta Faransa mai mariƙin katako, tun 1890 ake yinta, a 1955 suka ƙara mata wani zoben ƙarfe a wuya da ake murzawa ya kulle ta. Lamba 8 ita aka fi saye kuma bata kai dala 30 ba. Sai dai hannu biyu take so wajen buɗewa da rufewa, to ka buɗe ta tun kana ƙasa. Haka Okapi da dattawanmu suka sani, wadda aka fara yi a Jamus a 1902 daga baya aikin ya koma Afirka ta Kudu a 1988, mai zoben da ake ja a baya, ita ma zoben a tsakiya yake bai san dama ko hagu ba.

In kaje kasuwa kar ka yarda mai shago ya gwada maka da hannunsa, karɓa ka buɗe ka rufe da hagunka sau 5 ko 6 a gabansa a hankali, ka duba ko akwai ramukan sukuru a ɗaya gefen mariƙin. In akwai, sukurudireba mai kan tauraro zaka nema, yawanci lamba T6, masu gyaran wayar hannu suna da ita, minti 2 ya isa a mayar maka da maƙalin. Kuma ka yi hattara da jabu, sunayen nan da na lissafa duk ana buga su a jikin wuƙaƙen banza, in kaga an ce Benchmade ce amma kuɗinta bai wuce na kwanon shinkafa ba to ka san me ka riƙe, kuma jabun sakata ta fi rashin sakata haɗari domin zaka yarda da ita ka danna da ƙarfi. Wadda ta yanke ka ɗin nan kuwa ka bai wa wani mai dama a cikin yaran shagonka. Sannan don Allah ka tabbata ka kashe wuta kafin ka kai ƙarfe jikin waya, babu ɗaya cikin wuƙaƙen nan da aka yi don ta kare ka daga shokin.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Maigidana yana da lambu, yana yi wa mangwaro aure, wato haɗa reshen wani iri a jikin wani, shi ma bahago ne. Na sayo masa wuƙar aure mai naɗewa amma yace tana nutsewa cikin reshen ko ta zame, bata bashi yanka a miƙe. Wasa ta za'a sake yi ko me? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

AMSA: Hajiya barka kadai, Allah ya saka miki da alheri da wannan kulawar. Matsalar maigida daban take da ta ɗan'uwanmu na Gusau, tasa a kaifi take. Wuƙar aure gefe ɗaya kawai ake wasa ta, ɗaya gefen a shafe yake sumul, domin gefen da yake a shafe shi ke kwanciya a jikin reshen ya bada yanka mai santsi yadda ɓawon biyu zasu haɗu su kama. In bahago ya riƙe ta mai dama sai gefen ya juye, shi yasa take nutsewa ko ta zame kamar yadda ya faɗa, kuma auren da yankansa bai miƙe ba da wuya ya kama. A nan kam babu wata ta tsakiya da zata yi aikin sosai, ta hagu ake nema, kamfanin Tina na Jamus suna yin ta bahagwai, sai a faɗa wa mai kawo kayan lambu a fili cewa ta hagu ake so tun kafin ya yi oda.

Amma ni da zaku ji tawa, ku fara zuwa maƙera. Maƙeranmu ai ba daga kwali suke ciro kaya ba, a gabanka ake hura zuga a buga ƙarfe, maigida ya je da kansa da ɗan reshen mangwaro a hannu ya nuna wa maƙerin yadda yake riƙe wuƙa da inda yake jan ta, a wasa masa gefen da ya dace a bar ɗayan a shafe, a ɗinka mata kube wurin dukawa. Ba zata naɗe ba amma zata shiga aljihun riga lafiya. Wadda kika sayo kuma kar a ce za'a juya mata kaifi a dutse, sai an cinye ƙarfe da yawa kafin ta koma ta hagu, gara a mayar wa mai shago ko a ajiye wa yaron lambu.

Masu tambaya kan almakashin tela na bahagwai, wasiƙunku guda biyu sun iso, sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.