Tikitin naira 20,000 ya koma 21,497: ina ƙarin ya tafi, kuma yaya za a yi da aikin Asabar?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciya ce a Kano, ina da yara uku. Asabar ce kaɗai ranar wanki, shara, cefane da girkina. Makon jiya ina tsakiyar wanki na ce bari in saya mana tikitin shiga wani wurin wasan yara ta intanet saboda Lahadi. Kowane naira 5,000 aka rubuta, guda huɗu 20,000 ke nan, amma da na zo biya sai na ga 21,497. Na biya, aka cire kuɗin, tikiti bai zo ba. Na sake biya sannan ya zo. Har yanzu kuɗin farko bai dawo ba. Mene ne wannan ƙarin, kuma yaya zan karɓo kuɗina? Sannan ku ba ni shawarar yadda zan tsara Asabar, don na gaji.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Sannu da ƙoƙari, Allah Ya mayar da alheri. Bari mu fara da kuɗin da ya maƙale, don shi ne bai kamata ya ƙara kwana ba.

Tun watan Yunin 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna umarnin cewa cinikin da aka yi da kati ta intanet ko ta na'urar POS, aka cire kuɗi amma cinikin bai kammala ba, a warware shi cikin awa 72. Naki ya wuce haka. Sai dai kafin ki nufi banki, ki tantance wane irin maƙalewa ne, domin iri biyu ne kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Na farko, kuɗin ya fita daga asusunki amma bai isa hannun mai sayarwa ba, ya tsaya a hanya. Wannan na banki ne. Na biyu, kuɗin ya isa lafiya lau, shafin mai tikitin ne bai samu saƙon tabbatarwa a kan lokaci ba, ko kuma ya aiko tikitin ya faɗa cikin akwatin tarkacen imel ɗinki. A nan banki zai ce miki ciniki ya yi, kuma gaskiyarsa, mai tikitin ne ke riƙe da kuɗinki.

Don haka ki fara binciken imel ɗinki da sunan wurin, har da akwatin tarkace. Idan kika tarar da tikiti takwas maimakon huɗu, kin saya sau biyu ke nan, sai ki nemi su soke huɗu su dawo da kuɗin. Idan babu, ki rubuta wa mai tikitin, a rubuce ba kiran waya ba, ki sa rana da lokaci, adadin kuɗin har kwabo, lambobi huɗu na ƙarshen katinki kawai, da lambar shaidar cinikin da ke cikin saƙon banki. In taransifa kika yi, buɗe risit ɗin a manhajar bankinki, za ki ga wata doguwar lamba mai alƙaluma 30, da ita ake bin sawun kuɗi tsakanin bankuna. A rana guda ki kai koke bankinki, kuma kada ki tashi sai an ba ki lambar koken. Mutane da yawa a nan suke faɗuwa: su yi wa ma'aikaci bayani da baki, ya ce a je za a duba, shi ke nan babu wata shaida. Idan mako biyu ya wuce banki bai warware ba, wannan lambar ce za ki haɗa da takardarki zuwa Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na Babban Banki. Idan kuwa mai tikitin ne ya karɓi kuɗi ya yi kunnen uwar shegu, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, ce ke sauraron irin wannan ƙara. Dokar da ta kafa ta, wadda aka sa wa hannu a 2019, ta ba mai saye damar soke abin da ya kama tun kafin lokaci, a cire masa ɗan abin da ya dace kawai. Rubuta "ba a mayar da kuɗi" a ƙasan shafi bai halatta wa kowa cin kuɗin abin da bai bayar ba.

Yanzu ga 1,497 ɗin. Ba mutum ɗaya ne ya ci shi ba, kuma lambobin da kika aiko sun zauna daram a kan wani lissafi da aka saba yi. Mai wurin wasan sau da yawa ba shi da shafin sayarwa na kansa, yana ɗora tikitinsa ne a dandalin wani kamfani. Dandalin dillali ne, yana da la'adarsa, ita ce ake rubuta wa "kuɗin hidima". Idan kashi 5 cikin ɗari ce, a kan 20,000 ta zama 1,000. A kan wannan la'adar ana ɗora harajin VAT, wanda yake kashi 7.5 cikin ɗari tun watan Fabrairun 2020, naira 75 ke nan. Mun kai 21,075.

Saura kamfanin da ke ɗauko kuɗin daga katinki ya kai wa mai sayarwa. Ki ɗauki farashin da Paystack, ɗaya daga cikin irin waɗannan kamfanoni, ya daɗe yana wallafawa a matsayin ma'auni: kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100 a kowane ciniki na cikin gida, ana yafe ɗarin idan kuɗin bai kai 2,500 ba, kuma duka cajin ba ya wuce 2,000 komai yawan kuɗin. Asali mai sayarwa ake caja, amma yana da zaɓin tura shi kan mai saye. Idan ya tura, ba 1.5 ɗin kawai zai ƙara ba, domin shi ma ƙarin za a cire masa kaso. Sai a haɗa 21,075 da 100, a raba da 0.985. Abin da ya fito 21,497. Wato kusan naira 422 na ɗaukar kuɗi, 1,000 na dillali, 75 na gwamnati.

Abin amfani a cikin wannan lissafi shi ne naira ɗarin nan a kan ciniki take, ba a kan tikiti ba. Da ɗaya-ɗaya kika saye su, da kin biya ta sau huɗu. Saboda haka in za ku fita da maƙwabciya ko 'yar'uwa, mutum ɗaya ta saya wa kowa a tashi guda, a raba daga baya. La'adar dandalin kuwa tana bin adadin kuɗin ko adadin tikiti, haɗawa ba ya rage ta.

Hanyar biya ma tana da nata. Bisa jadawalin caji na Babban Banki da ya fara aiki a 2020, taransifa daga manhajar banki tana cin naira 10 idan kuɗin bai wuce 5,000 ba, 25 daga nan zuwa 50,000, sannan 50 idan ya haura, kowanne da VAT a kai, shi ya sa aka saba ganin 10.75 da 26.88 da 53.75. Akwai harajin gwamnati na naira 50 a kan kuɗin da aka tura idan ya kai 10,000. Lambobin USSD kuma suna da cajin naira 6.98. Waɗannan ba za su fito a shafin tikiti ba. Biya da kati yakan kauce wa cajin taransifa, amma ya fi dogara da sabis mai kyau saboda lambar OTP, wato lambar da banki ke turo miki a waya don tabbatar da ciniki.

A ganinmu cajin ɗaukar kuɗi halas ne, aiki ake yi ana biya. Ita ma la'ada ba laifi ba ce. Abin da ba daidai ba shi ne a rubuta 5,000 da manyan baƙi, a bar mutum ya cika suna da lambar waya, ya gaya wa yara gobe za a fita, sannan a shafin ƙarshe a fito masa da wani farashi, an san ba zai iya ja da baya ba. Wannan dabara ce, ba kuskure ba. A Amurka hukumar kula da kasuwanci ta FTC ta kafa ƙa'ida da ta fara aiki a watan Mayun 2025, wadda ta tilasta masu sayar da tikitin wasanni da shagulgula su nuna cikakken farashi tun farko, Birtaniya ma ta haramta irin wannan ɓoyon a shekarar. Kafin abin ya kankama a nan, ki riƙa zuwa har shafin ƙarshe ki ga jimillar kafin ki yi wa kowa alkawari. Daga nan ki auna da sayen hannu a ƙofa: kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa idan sai kin je kafin ranar, da layi, da yiwuwar a ce ya ƙare. Idan wurin yana sayarwa a ƙofa ranar da za ku je, a farashi ɗaya, kuma ba ranar Sallah ba ce da ake turmutsutsu, 1,497 ɗinki ki sayi ruwa da shi. Ki kira ki tambaya tukuna, don wasu wuraren na ƙofar ya fi tsada.

Babbar asarar dai ba a ƙarin take ba, a biya sau biyu take, kuma wannan yana da alaƙa da wankin. Shafin biya yana riƙe miki tikiti na 'yan mintuna ne. Lambar OTP tana mutuwa da wuri. Lambar asusun wucin gadi da ake ba ki don taransifa ita ma tana da wa'adi, galibi rabin awa, kuma tana son adadin da aka rubuta daidai, ba ragi ba ƙari. Mai hannu cikin kumfa, da yaro yana kira, da tukunya a wuta, za ta ajiye waya ta dawo lokaci ya ƙure, ko ta danna komawa baya alhali kuɗin yana tafiya. Don haka ki mayar da sayen tikiti daren Laraba ko Alhamis, kina zaune, kati a gefe, layin da banki ke turo saƙo yana cikin wayar. Idan an cire kuɗi shafin ya tsaya, kada ki rufe shi, kada ki sake biya. Ki ɗauki hoton fuskar wayar, ki jira kamar rabin awa, ki duba imel. Kuma duk wanda ya kira ki da sunan zai taimaka a dawo da kuɗi ya nemi OTP ko lambar sirrin kati, ɓarawo ne. Irin su suna farautar masu kai ƙorafi a Facebook da X.

Game da Asabar, matsalar ita ce an tara ayyuka huɗu a rana ɗaya kuma duk suna son safiya. A rage mata kaya. Cefanen kayan miya ya koma yammacin Juma'a ko a aiki wani, musamman a makon ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli a Kano, ana taƙaita zirga-zirga da safe, wanda bai yi cefane ba sai ya jira. Daren Juma'a a ware kaya: farare da yunifom gefe, masu zuba irin sabuwar atamfa gefe, tawul da zanen gado gefe. Farare kaɗai za ki jiƙa. Shadda da kayan da aka yi wa aiki ba sa son jiƙo, ƙyallinsu yake tafiya.

Da an sallame asuba wanki ne farko, domin shi ne aikin da ke buƙatar rana, kuma masu nauyi za a fara shanyawa. Masu launi a juya su bai-bai kafin a shanya, kada rana ta cinye su. Yara suna tafiya Islamiyya sai a shiga ɗakuna, daga sama zuwa ƙasa: yanar gizo-gizo da fanka, sannan goge-goge, sannan shara, mofin a ƙarshe. Wanda ya fara da ƙasa sau biyu zai yi. Lokacin hunturu a yayyafa ruwa kafin tsintsiya, a goge da tsumma mai laima, in ba haka ba ƙurar tashi kawai za ta yi ta sake sauka. A banɗaki ki kiyaye abu guda da muhimmanci: kada a haɗa bilic da ruwan wanke masai ko wani sinadari, haɗin yana fitar da iska mai guba da ke ƙona ƙirji da ido, balle a ɗaki marar taga. Ɗaya a lokaci guda, a ɗauraye sosai, a bar ƙofa buɗe.

Girki shi ne wurin da za ki fi samun sauƙin mako. Ki markaɗa tumatir, tattasai, attaruhu da albasa na kwana bakwai gaba ɗaya, ki tafasa har ruwan ya tsotse ya yi kauri, ki raba a ƙananan robobi gwargwadon girki ɗaya-ɗaya. Babbar roba guda ita ke ɓata miya, don kullum sai an narkar an mayar. Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje kafin ya shiga sanyi, a zafin Kano ma ƙasa da haka, kuma a firij kwana uku zuwa huɗu ne iyakarsa. Idan an ɗauke wuta, firij da ba a buɗewa yana riƙe sanyi kamar awa huɗu, firiza cikakkiya kusan kwana biyu, wadda take rabi kuwa kwana ɗaya. Cike gurbin da ledojin ruwa su daskare yana ƙara mata juriya.

Guga kada ki ba ta lokaci, ki ba ta wuta: a ninke kaya a kwando kusa da dutsen guga, duk sanda aka kawo a fara da yunifom ɗin Litinin. Su ma yaran a ba su rabonsu da suna. Ɗan shekara shida zai iya haɗa safa da kwashe takalma, ɗan shekara goma zai iya shanya, wanke-wanke da sharar tsakar gida, maza da mata. Ki kuma zauna da maigida ku raba na waje, kamar cefane, ɗura gas da sayen ruwa, ya zama an san na wane ne tun kafin Asabar ta zo.

Idan kin kai koken banki, ki rubuta ranar a jikin takardar, daga ita za ki fara ƙirga mako biyun.