Jan fentin da ke ƙasan jirgin ruwa

Malam, ka tambaya ko jan fentin ƙasan manyan jiragen ruwa don tsatsa kawai ake shafa shi. Aikinsa ya wuce nan.

Da zarar ƙarfe ya shiga teku, cikin 'yan sa'o'i ƙwayoyin bakteriya ke manne masa, su yi yauƙi. A kan yauƙin nan gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo ke samun mazauni, sai tafiyar jirgi ta yi nauyi, ya riƙa shan mai fiye da kima. Fentin yana ɗauke da sinadarin jan ƙarfe mai tsiyaya a hankali, ya hana su kamawa. Amma sai an fara shimfiɗa wani fentin a ƙarƙashinsa, don in jan ƙarfe ya taɓa ƙarfen jirgi a ruwan gishiri, cinye ƙarfen jirgin yake yi.

A da, wani sinadari mai guba da ake kira TBT aka fi so a saka a fentin, yana da ƙarfi ƙwarai, amma ya yi wa kawa da dodon-koɗin teku ɓarna, har aka haramta shi gaba ɗaya a 2008. Ni dai na fi gamsuwa da fentin silikon: ba guba, santsi kawai, ko da yake sai jirgi na gudu yake kakkaɓe dattin.