Ƙasashe Sama da 150 Sun Amince da Falasɗinu, To Ina Ƙasar Take?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, kuma ba na bari wannan fili naka ya wuce ni. Na ji a rediyo cewa Birtaniya da Faransa sun amince da Falasɗinu a matsayin ƙasa, wai waɗanda suka yi haka sun haura 150. In haka ne, me ya hana ta zama ƙasa kamar kowace? Ko duk daɗin baki ne kawai?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kunnenka bai yi maka ƙarya ba. A watan Satumba na 2025 Birtaniya da Kanada da Ostareliya da Fotugal suka amince, washegari Faransa ta bi sahu. Kafin su, Sifaniya da Ayilan da Norway sun yi nasu a watan Mayu na 2024. Amma kada ka ɗauka su ne suka share hanya. Tun ranar 15 ga Nuwamba 1988, da Yasser Arafat ya ayyana ƙasar a birnin Aljiyas, ƙasashen Afirka da Asiya da na Larabawa suka yi ta amincewa. Turawan Yamma sun zo ne a makare.

Amincewar ƙasa daban, zama cikakkiyar mamba a Majalisar Ɗinkin Duniya daban. Ƙofar shiga tana hannun Kwamitin Tsaro: sai an samu ƙuri'a 9 cikin 15, kuma kada ɗaya daga cikin manyan nan biyar masu kujerar dindindin ya hau kujerar na-ƙi. A watan Afrilu na 2024 ƙasashe 12 suka ce a shigar da Falasɗinu, Amurka ita kaɗai ta ce a'a, magana ta mutu nan take. Shi ya sa har yau matsayin da Babban Zaure ya ba ta a 2012, da ƙuri'a 138, shi take riƙe da shi: 'yar kallo, tana magana amma ba ta jefa ƙuri'a.

Ni a ganina ko kujerar ma ba ita ce babbar matsalar ba. Kamar mutum ne da ke riƙe da takardar fili, kowa ya sa hannu cewa nasa ne, amma wani na ciki yana ta ɗora bulo. Yarjejeniyar Oslo ta 1993, wadda Arafat da Firaministan Isra'ila na lokacin, Yitzhak Rabin, suka yi musabaha a kanta a Fadar White House, ta tsara zaman wucin gadi na shekara biyar, sannan ta ɗage manyan batutuwa zuwa gaba: Ƙudus, 'yan gudun hijira, iyakoki, da matsugunan Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna. An kashe Rabin a 1995, shekara biyar ɗin ta zama fiye da talatin. Kusan kashi 60 cikin 100 na Gaɓar Yamma da Kogin Jodan yana ƙarƙashin cikakken ikon Isra'ila, kuma 'yan kama-wuri-zauna a can da Gabashin Ƙudus sun haura 700,000. Kotun Duniya da ke Hague ta ce a watan Yuli na 2024 mamayar ta saɓa wa doka, sai dai ra'ayin shawara ne, kuma kotun ba ta da 'yan sanda.

Kada kuma mu rufe ido a kan laifin su Falasɗinawan. Tun 2007 gidan Falasɗinawa a rabe yake, Hamas a Gaza, Fatah a Ramallah. Shugaban Falasɗinawa Mahmud Abbas tun 2005 aka zaɓe shi, ba a sake zaɓen shugaban ƙasa ba. Masu ƙin sulhu a Isra'ila suna jin daɗin wannan ƙwarai, don ya ba su damar cewa ba su da abokin tattaunawa.

To daɗin baki ne? Ban yarda ba. Matsayin 2012 ne ya buɗe wa Falasɗinu hanyar shiga Kotun Manyan Laifuka ta Duniya a 2015. Amma in kana son gane wanda da gaske yake, bar sauraron jawabinsa a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya da ke New York, ka duba ko ya daina sayen kayan da aka noma a matsugunan, ko ya tsayar da cinikin makamai.

TAMBAYA: Malam, ita Najeriya ina ta dosa a wannan batu?

AMSA: Najeriya ta amince da Falasɗinu tun 1988, kuma akwai ofishin jakadancinta a Abuja. Ta yanke hulɗa da Isra'ila a 1973, ta maido a 1992. Matsayinta a hukumance shi ne ƙasashe biyu maƙwabtan juna, ta hanyar tattaunawa.