Tambaya da Amsa: Madara Tsakanin Jika da Kakarsa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Ni uwa ce daga unguwar Aboabo a Kumasi. Ɗana mai shekara biyu da rabi ba ya son komai sai madara, har yakan sha kofi biyar a rana, tuwo kuwa sai an yi da gaske kafin ya kai loma biyu. Surukata kuma duk ranar da ta sha shayi mai madara da yawa sai cikinta ya kumbura ya yi ta ƙugi, har ta ce madara ba abincin manya ba ce. Shin madara tana da amfani ne ko illa?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya raya mana yaron. Madara abinci ce mai kyau, domin kofi ɗaya na madarar shanu yana ɗauke da kimanin giram 8 na furotin mai gina jiki da miligiram 300 na kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi da haƙori. Amma abin da ya tayar mini da hankali a wasiƙarki shi ne kofi biyar ɗin nan.

Madarar shanu ba ta da isasshen sinadarin ƙarfe, wanda jiki ke haɗa jini da shi. Idan yaro ya cika cikinsa da ita tun safe, ba zai nemi wake ko ƙwai ko kifi ko miyar ganye ba, ga shi kuma a cikin waɗannan ne sinadarin yake, saboda haka sai ki ga yaro ɓul-ɓul a ido alhali ƙarancin jini yana cinsa a hankali. Ki ja fatar idonsa ta ƙasa ki duba, ki kuma buɗe tafin hannunsa a wajen haske. Idan sun yi fari-fari, ko yana saurin gajiya, ko yana son cin ƙasa, to ki kai shi asibiti a auna jininsa. Kofi biyu a rana sun ishi yaro mai shekarunsa, a ba shi bayan ya ci abinci. Zai yi kuka na kwana biyu ko uku, ki daure, yunwa ce za ta mayar da shi kan kwanon tuwo.

Ki kuma lura da abin da kike sayowa a kasuwar Kejetia ko a shagon unguwa. Madarar gwangwani mai kauri da zaƙi sukari ne ya yi mata yawa, ba ta dace a shayar da yaro da ita ba. Wasu garin madarar kuma an cire musu man shanu an zuba man tsirrai, wasu ma garin sa shayi ya yi fari ne kawai. Ki karanta jikin leda, ki tabbatar akwai lambar rajistar hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana.

Batun surukarki kuwa, gaskiya take faɗa game da cikinta. A cikin madara akwai wani sukari da ake kira laktos, kuma kusan kashi biyu cikin uku na manyan mutanen duniya jikinsu yana rage samar da sinadarin narkar da shi bayan yaye. Idan bai narke ba sai ya wuce babban hanji, ƙwayoyin bakteriya da ke can su ruɓar da shi, daga nan iska da ƙugi da gudawa. Fulani da yawa sun gaji iya narkar da shi daga kakanninsu makiyaya, shi ya sa wani zai sha ƙwarya guda lafiya lau, wani kuma rabin kofi ya hana shi barci. Wannan ba cuta ce mai haɗari ba. Ta gwada kindirmo ko nono mai tsami, da wagashi, wato cukun nono, domin laktos ɗinsu ya ragu, ta kuma riƙa sa 'yar kaɗan a shayi tare da abinci. Burkina ma, wato abin shan nan na nono da gero, tana iya karɓarta idan mai sayarwa ba ta labta sukari ba, musamman in tana da ciwon suga. Idan duk sun ƙi ta, miyar kuka da zogale da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu suna ba da kalsiyam.

Ɗanyar madarar da aka tatso daga ruga kuwa, ko wa zai sha, a tafasa ta tukuna, domin tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da wani zazzaɓi mai naci da ake kira burusela.