Kafin ka zauna kusa da ɗanka a mota a Ingila

Wani magidanci daga Birmingham ya aiko da tambaya. Ɗansa ya cika shekara 17, ya karɓi lasisin ɗan koyo, kuɗin malamin tuƙi kuma ya yi musu nauyi. Ya fara fita da yaron da kansa, amma duk fitar da faɗa ake dawowa gida. Ya ce ya daɗe yana tuƙi a Kano, to me ya rage?

Malam, mu fara da takarda kafin mu zo kan faɗan. Dokar Birtaniya ta ce mai zama kusa da ɗan koyo sai ya haura shekara 21, kuma ya riƙe cikakken lasisi na shekara 3, na Birtaniya ko na ƙasashen Tarayyar Turai da wasu 'yan kaɗan irin su Norway da Switzerland. Lasisin Najeriya ba ya ciki, komai daɗewarka a kan sitiyari. Wata 12 ɗin da ake ba baƙo ya yi tuƙi da lasisin gida, kansa kaɗai aka ba wa. In kuma da mota mai canza giya da kanta ka ci jarrabawa, ba ka da izinin sa ido a kan mai koyo da motar kuloci. Idan aka kama yaron da mai rakiyar da bai cancanta ba, tarar tana iya kai fam 1,000 da makin laifi 6 a lasisinsa. Makin nan suna bin sa har bayan ya ci jarrabawa, kuma sabon direban da ya tara maki 6 cikin shekara 2 na farko ƙwace lasisin ake yi.

Inshorarka ba ta rufe shi ba sai ka sa sunansa, ko ka saya masa ta ɗan koyo daban. Karanta sharuɗɗan, don wasu kamfanonin sai mai rakiya ya kai 25. A manna alamar L, wato alamar ɗan koyo, gaba da baya. Kai ma ba ka taɓa waya, ko da ba kai ke tuƙin ba. Manyan hanyoyin da ake kira motorway irin su M6 kuwa, tun 2018 an yarda ɗan koyo ya hau, amma da malamin da hukuma ta amince da shi kawai, a motar da ke da birki ta ɓangaren malamin.

Sai batun tsawa. Yawancinta daga tsoro take fitowa, don ba ka da birki a ƙafarka. Kada ka sallami malamin. Hukumar DVSA, mai kula da jarrabawar tuƙi, ta ce a matsakaici ana buƙatar awa 45 da malami da awa 22 na gwaji a gida, wato naka ƙari ne. Ka tambayi malamin abin da suka yi a makon, ku maimaita shi kaɗai. Kada ka koya masa dabarun hanyar Zariya: danna oda, kutsa kai a mahaɗa, riƙe sitiyari da hannu ɗaya. Mai jarrabawa yana kallon ko yaron ya duba madubi kafin ya ba da sigina, kuma a shataletale ya jira motar da ke zuwa ta dama.

Ku tsara hanya tun a gida. Minti 20 zuwa 30 ya isa da farko, a unguwa mara cunkoso, safiyar Lahadi ta fi. Ka sayi ƙaramin madubin da ake mannawa a gilashi don ka riƙa ganin baya. Umarni ya zo da wuri kuma a gajarce: "a mahaɗa ta gaba za mu yi hagu", ba "juya, juya!" bayan an iso ba. Ku yarda da kalma ɗaya, "tsaya", wadda in ka faɗe ta zai taka birki ba gardama. In motar ta mutu a fitilar hanya, na baya su jira, alamar L aikinta ke nan. Gyaran kuskure sai an faka an kashe inji, kuma kada a ɗauko ƙannensa su zama 'yan kallo.

Idan duk da haka ranka na ɓaci, ka ba mahaifiyarsa ko wani kawunsa da ya cika sharuɗɗan. Sai dai kada a biya shi, don karɓar kuɗi a kan koyar da tuƙi ba tare da rajista ba laifi ne, ko da sunan kuɗin mai.