Ina so in bar Nescafé, me zan sha a madadinsa?

Tambaya: Salam Anti, ni tela ne a Garwa, kullum sai na sha Nescafé kofi uku ko huɗu, yanzu da dare gabana faɗuwa yake bacci kuma ya ƙi zuwa. Wasu sun ce in gwada garin ƙwallon dabino, wasu shikore, wani kuma yace rai ɗore. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikassalam ƙanina. Toh ka fara sanin cewa duk ukun nan babu kafin (caffeine, sinadarin kofi da ke hana bacci) a cikinsu, suyar da ake musu ce take kawo ɗaci da ƙamshi mai kama da na kofi, amma ba za su buɗe maka ido a bakin keke ba, in ka sa rai da hakan wlh kwana biyu za ka koma gidan jiya.

Ni dai ƙwallon dabino nake so maka. Dabino ko na Faya ta Chadi ko na ina ga shi nan a kasuwa, ka tara ƙwallon ka wanke ka shanya, a soya a kasko ba mai har ya yi duhu amma kar ya ƙone, a daka, a tafasa da citta da kanumfari a tace. Kusan ba ka kashe ko sefa ba.

Shikore saiwa ce da ake gasawa, in za ka saya dan Allah karanta gwangwanin, don Ricoré da mutane ke ɗauka ba kofi ba ne akwai kofi a ciki, nemi wanda aka rubuta 100% shikore kamar Leroux. Yana kumbura wa wasu ciki, fara da ƙaramin cokali.

Rai ɗore kuwa ban yarda ba. Eh ana soya 'ya'yansa a sha tun da daɗewa, amma ɗanyen yana da guba mai taɓa hanta, musamman ga yara, kuma garin da ka saya a leda ba ka san yadda aka soya shi ba.

Kar ka yanke lokaci ɗaya, ciwon kai zai iya kama ka washegari ya iya kai sati. Rage kofi ɗaya duk bayan 'yan kwanaki, fara da na yamma. Kuma ka lissafa shayi da goro, su ma da kafin, ga babban mutum mai lafiya kar ya wuce miligiram 400 a rana. In ka rage bugun zuciyar bai daina ba, je asibiti a auna jininka, kar ka ja lokaci.